Anti, in faɗa masa ne ko in ce na fasa?

Saƙon wannan satin daga wata ƙanwata ne a Rigasa ta Kaduna, ta roƙi in sakaya sunanta kuma na sakaya. Na ɗan datse shi saboda tsawo amma duk maganarta ce.

"Salam Anti dan Allah ki bani shawara. Shekarata 26, tela ce ni. Shekara biyar kenan ina fama da wani ciwon fata, yana fito min a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙeya har cikin gashi, wajen sai yayi kauri yayi ɓawo yana zuba kamar dusa, ga ƙaiƙayi in na sosa har jini. Likita yace sunansa soriyasis kuma wai baya rabuwa da mutum gabaɗaya. An sa min rana saura wata huɗu, wanda zan aura bai sani ba tunda kullum cikin hijabi yake ganina. Ranar nan ƙanwarsa tazo awon ɗinki hannun rigata ya zame ta gani, sai ta ja baya tace Anti wannan ba kuturta bace kuwa? Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Dama na daina zuwa biki na daina zuwa kitso, ko a gida a ɗaki nake cin abincina ni kaɗai. Ƙawata tace akwai ƙwaya da mai da zan haɗa ya ɓace kafin biki, in an ɗaura shikenan. Wallahi wani lokacin ji nake gara ace babu ni. In faɗa masa ne ko in ce na fasa tun kafin su wulaƙanta ni?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙonki, a na ukun sai da na kife wayar na yi shiru, dan wannan ciwon a cikin gidanmu na san shi. Ki faɗa masa, kuma cikin satin nan. Kar ki yanke wa kanki hukuncin da babu wanda ya yanke miki tukuna.

Amma bari in fara da maganar da ta fi tsaya min a rai, wannan "gara ace babu ni" ɗin. Bazan ce miki raunin imani bane dan ba shi bane, shekara biyar kina ɗauke da abu ke kaɗai kina ɓoyo, ko dutse ne ya gaji. Likitoci sun daɗe da sanin cewa masu wannan ciwon sun fi sauran mutane faɗawa ciwon damuwa, kuma abun zagaye yake yi, damuwa ta tayar da fatar, fatar ta tashi ta ƙara damuwar, rashin barci ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Dan haka yau ɗin nan ki samu mutum ɗaya, Mama ko yayarki ko wata gwaggo da kike sakewa da ita, ki faɗa mata wannan maganar da bakinki kamar yadda kika rubuto min. In kin je wajen likita ma ki faɗa masa, kar ki tsaya a zancen fata kawai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na masu yawo a bola bane kamar yadda mutanenmu suka ɗauka, masu rashin barci da ƙuncin zuciya suna zuwa a duba su su koma gida su cigaba da harkarsu. In kuma tunanin ya taɓa kai ki ga fara shirya yadda zaki cutar da kanki to a wannan daren kar ki kwana ke kaɗai, ki tashi wani a gidan ku tafi asibiti, ba a jira da wannan.

Yayana da nake bi yana da soriyasis tun yana ɗan shekara 19, lokacin muna Kawo. Abun da har yau yake idona shine safiya, Mama ta shiga ɗakinsa ta kaɗe zanin gado ɓawon yana zubowa ƙasa, ta share ta kwashe da sauri dan kar baƙi su gani, tana yi tana goge hawaye da bakin zani. Ya daina sa baƙaƙen kaya kwata-kwata saboda kafin azahar kafaɗarsa tayi fari kamar an barbaɗa gari. Mai askin da ke masa aski tun yana yaro ya kalli ƙeyarsa wata rana a gaban mutane yace daga yau ya nemi wani wajen. A masallaci akwai wani bawan Allah da in sun haɗa sahu sai ya matsa ya bar tazara. Mu kanmu a gida, Allah ya yafe mana, an ware masa kofi da kwano da soso dan wata maƙociya tace ana ɗauka. An zaga da shi wajen masu magani iri-iri, wannan yace sammu ne wancan yace sanyi ne ya fito fata, wani ya bada wani baƙin ruwa a gora da ya shafa fatar ta ɗaye kamar ƙuna. Kusan shekara huɗu a haka kafin Baba ya kai shi wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Shika. Da suka dawo aka kawo tuwon dare, sai Baba yace a miƙo masa kwanon Yaya, ya juye a cikin nasa yace zo mu ci. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yaya yana kai loma kansa a ƙasa, ni ina gefe ina kallon hannunsa yana rawa.

Yau shekararsa 15 da aure, yara huɗu, gado ɗaya bargo ɗaya da matarsa kuma ko ɗigo bai taɓa fito mata ba. Ciwon yana nan, in hunturu ya shigo yakan taso, autarsa ce ke shafa masa basilin a baya inda hannunsa baya kaiwa. Na taɓa tambayarsa me ya fi masa ciwo a waɗancan shekarun, yace ba ƙaiƙayin bane, kofin nan ne da aka ware.

Toh ke naki kofin ke kika ware wa kanki, kuma na gane dalili, gudun kallo ne. Amma ki san me kike ɗauke da shi tukuna dan ki iya yi wa wani bayani ba tare da muryarki ta karye ba. A katin asibiti zaki ga an rubuta psoriasis. Ba wata ƙwayar cuta bace ta shige ki daga waje, garkuwar jikinki ce wadda aikinta yaƙar cuta ta rikice take zuga fata. Fatar ɗan adam tana ɗaukar wajen wata guda kafin sabuwa ta taso daga ƙasa tsohuwa ta zube ba mu ma lura ba, amma a wajen da ciwon yake cikin kwana 3 zuwa 4 sabuwa ta iso sama ta tarar ta jiya bata tafi ba, sai su dinga hawa kan juna, shine kaurin da ɓawon da kike gani. Tunda babu ƙwayar da zata tsallaka, ba a ɗauka a musabaha, ba a ɗauka a kwano ko mataji ko tabarma, ba a ɗauka a shimfiɗar aure. Ba ƙazanta bace kuma ba alhakin kowa bane.

Kuturta kuwa wata aba ce daban, ƙwayar cuta ce ke kawo ta kuma babbar alamarta wajen tabon ya mutu, a taɓa ko a tsira allura mutum baya ji. Naki ƙaiƙayi yake yana zafi. Kuma tunda maganar ta zo, kuturtar ma da ake gudun masu ita tana warkewa tas da magani cikin wata 6 zuwa 12, ga cibiyarta nan a Saye kusa da Zariya. Ƙanwar tasa ba lallai mugunta ta sa ta faɗa ba, soriyasis bai kai yawan da yake a ƙasashen Turawa ba a nan yankinmu, shi yasa bamu da sunansa a Hausa, sai mutane su ɗauko sunan da suka sani su liƙa masa, wani yace kirci wani yace makero wani yace ƙazuwa, mai tsoro yace kuturta. Ko hotunan intanet ja suke nunawa saboda farar fata ce, a tamu fatar duhu yake yi kamar shunayya da ɓawo ruwan toka, in ya lafa ya bar tabo baƙi ko mai haske wanda yake ɗaukar watanni kafin ya saje. Amma a duniya ba baƙon ciwo bane, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 yace aƙalla mutum miliyan 100 ke da shi, kuma tun a 2014 babban taronta ya zartar da ƙuduri akansa har aka ambaci tsangwamar da masu shi ke sha, wato irin wannan ja da bayan da aka yi miki a ɗakin ɗinkinki.

Sunan nan yana da muhimmanci fiye da yadda kike zato. Kin san a fiƙihun da muka karanta a islamiyya kuturta da albaras suna cikin aibobin da ake iya mayar da aure saboda su, dattawa sun san wannan, to in kalmar kuturta ta riga ki isa kunnen Hajiyarsa ta zauna a can, cire ta sai an sha wuya. Kuma ƙanwata mu faɗa wa juna gaskiya, abun da ƙanwar miji ta gani da wuya ya kwana a cikinta. Zai iya yiwuwa maganar ta riga ta shiga gidan ana ta juya ta ba a san ta inda za a tunkare ku ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gara ya ji sunan gaskiya daga bakinki da ya ji na ƙarya daga bakin wani.

Kar ki yi ta waya ko a WhatsApp, ki bari ya zo zance. Kuma dan Allah kar ki fara da kuka da "ka yafe min", baki yi laifin komai ba, in kika kawo maganar kamar mai amsa laifi shi ma haka zai karɓe ta. Ki ce masa akwai abun da nake so ka ji daga bakina, ina da wani ciwon fata sunansa kaza, shekara biyar kenan, ba a ɗauka, baya hana haihuwa, yana tasowa yana lafawa, ina ganin likita kuma ina so mu je tare ka tambaye shi duk abun da ke ranka. Shikenan, sai ki yi shiru ki bar shi yayi magana. Dama ai zaku je gwajin jini na kafin aure, jinotayif da sauransu, to ku haɗa da wannan, akwai likitocin fata a asibitin Barau Dikko akwai a Shika. Shi ba sai kin buɗe masa jiki ba, bayani ya ishe shi. Gani na mata ne, Mama ko gwaggonki su je wajen Hajiyarsa da takardar likita a hannu, in tana son ta gani da idonta ki nuna mata gwiwar hannunki a ɗaki, in ta ga Mama ta dafa wajen da tafin hannunta ba ko ɗar to wannan ya fi mata duk wani bayani.

Zai tambaye ki yara fa, zasu gada? Ki ce masa eh yana bin jini a wasu gidajen, amma in ɗaya ne cikin iyaye ke da shi mafi yawan yaran basa samu. Mata da yawa ma in suna da ciki yake lafa musu, sai bayan haihuwa ya ɗan taso. Kar ki yi masa hukunci da fuskar da zai yi a minti na farko, ke shekara biyar kika yi kina sabawa da abun, ki bashi kwana biyu uku.

Bazan yi miki alƙawarin zai tsaya ba dan zuciyarsa ba a hannuna take ba. Zai iya ja da baya, ko shi yana so gidansu su fi ƙarfinsa, kuma in hakan ta faru zai yi ciwo sosai, zaki yi kuka kuma kina da haƙƙin yi. Amma ki auna da ɗayan, an ɗaura an kai ki an jera kaya Baba ya ci bashin gado da kujeru, sai hunturun farko ya zo abun ya taso, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. A ranar ba zancen fata za a yi ba, cewa za a yi kin munafunce su, kuma wannan tabon ya fi na gwiwar hannu wuyar gogewa. Ga shi kafin ranar ma kullum cikin fargaba zaki kwana a ɗakin da ya kamata ki huta.

Shawarar ƙawarki kuma, na san so ne ya sa ta faɗa amma ki ajiye ta. Ƙwayoyin da ake haɗa wa mutane a kemis su goge fata cikin sati yawanci sitiroyid ne, irin su firedinisolon da dekza ɗin nan da 'yan mata ke sha dan ƙiba kafin biki, da allurarsu. Gaskiya ne zai share kamar ba a taɓa yi ba, amma ranar da kika daina yana iya dawowa ya ninka, wani ya game jiki duka yayi ja yana saɓa ko yayi ƙuraje masu ruwa har sai an kwantar da mutum a asibiti, banda hawan jini da suga da suke jawowa. Mayukan sitiroyid masu ƙarfi da na haɗi uku da na bilicin da ake saidawa a kasuwa su ma in aka daɗe ana shafawa ba ƙa'ida fata sirancewa take yi ta yi nankarwa. Likita ma yana bada man sitiroyid, amma shi ya san wanne, a wane waje, na kwana nawa, kuma yana da wasu a hannu, akwai mai ɗauke da sinadarin bitamin D, akwai man kwalta da shamfunsa na kai, akwai mai sa ɓawo yayi laushi ya sauka. In ya yi yawa akwai na sha kamar metotireksat, shi sau ɗaya ake sha a sati ba kullum ba kuma da gwajin jini akai-akai, sannan yana illa ga ɗan da ke ciki, dan haka lallai ki faɗa wa likita an sa miki rana dan ya san me zai baki me zai hana ki. Wata huɗu lokaci ne mai kyau, in kika fara yanzu da yardar Allah fatar zata iya kwantawa sosai kafin biki ta hanyar da ba zata juyo miki ba.

Sai gyaran jiki, nan ne nake jin tsoro dan babu amaryar da ake bari. Wannan ciwon yana da wata ɗabi'a, duk inda fata ta ji rauni, ko karce ko ƙuna ko gurza, sabon tabo yana iya fitowa a daidai wajen bayan sati ɗaya zuwa biyu. To ki duba dilka yadda ake murza ta, ki duba halawa yadda ake fizga, ki lissafa kwanakin, daidai satin biki kenan zai fito miki a inda da babu. Ki samu mai gyaran jiki mai hankali ki faɗa mata tun farko, a bar halawa, a bar gurza, turare da man shafawa mai laushi sun isa. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da rini shi ma yana ƙona fatar wasu, ki tsaya a jan lalle na gida. Kitso ki koma, ki tafi da matajinki in hakan zai sa ki sake, ki ce kar a ja da ƙarfi kar a kankare ɓawon da tsinke, man miƙar da gashi kuma a haƙura da shi in kan yana da rauni.

Na yau da kullum ba wuya, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba ko da sanyin Disamba ne, ki ajiye soso mai kaushi, kina fitowa wanka jiki da danshi ki shafa basilin ko man kaɗanya, bayan alwala ma ki ɗan ƙara a gwiwar hannu, ki rage farce saboda susar cikin barci, hantsi kaɗan yana taimakawa. In zazzaɓi ya kama ki ki faɗa musu kina da soriyasis dan kulorokwin da danginsa suna iya tayar da shi, haka wasu magungunan hawan jini, ciwon maƙogwaro ma yana tayar da shi kar ki bar shi ya daɗe. Sannan tunda da hannu da ƙafa kike cin abinci akan keke, ki kula da gaɓoɓinki, kusan uku cikin goma na masu ciwon yana taɓa musu gaɓa. In kin fara tashi da safe yatsu sun ƙage sun fi rabin awa basu saki ba, ko yatsa ɗaya ya kumbura gabaɗayansa, ko diddige yana ciwo, kar ki ce gajiyar ɗinki ce, ki faɗa da wuri dan gaɓar da ta lalace bata dawowa.

Addu'a kuma ki riƙe ta Annabi Ayyuba alaihis salam, "anni massaniyad durru wa anta arhamur rahimin", Yaya har yau ita yake yi, kina yi kina shan maganinki.

Ranar da zaku je asibitin kar ki shafa komai a wajen da safe dan likita ya ga ainihinsa, ki zuba duk mayuka da ƙwayoyin da kika taɓa amfani dasu a leda ki tafi dasu, har na ƙawarki in kin riga kin karɓa. Ki rubuto min bayan kun yi maganar, ko yaya ta kaya ina son in ji. Yau da daddare kuma in an zuba abinci ki ɗauko kwanonki ki fito tsakar gida ki zauna kusa da Mama.